Arba'in da Ɗaya

Verner Kragh ya kafa ƙafa a bakin gadar katako da ake ɗaure jiragen ruwa, ya ja igiyar, ya huta, ya sake ja. Shekara saba'in da biyu ba wasa ba ce, amma ba nauyin ne ya dame shi ba, shirun ne. Akwatin da ke cike da kifin ol mai rai, tun yana ƙarƙashin ruwa za ka ji shi yana rawa a hannunka, don dogayen kifin nan masu santsi ba su san zama wuri ɗaya ba. Yau kuwa kamar buhun yashi yake ja.

Warin ne ya riga akwatin fitowa, warin baragurbi mai hawa kai. Sai a lokacin ya lura da ƙaguwoyi. Sun hau ginshiƙan gadar sun yi cincirindo a daidai fuskar ruwa, wasu har sun fito fili cikin rana, abin da bai taɓa gani ba tun da aka haife shi a Torsvig.

Ya ɗora akwatin a kan katako, ya zare sakata, ya ɗaga murfi.

"Kai!" Abin da ya iya faɗa ke nan.

Suna kwance a miƙe, sun yi fari-fari, bakin kowanne a buɗe. Ya sa hannu ya taɓa ɗaya, ya taɓa wani, ya yi ta juya su yana neman ko guda mai motsi. Babu. Ya zauna a kan katakon, hannuwansa suna ɗigar baƙin ruwa, ya rasa me zai yi da su.

Kifi arba'in da ɗaya ne a cikin akwatin. Gobe Asabar shi da matarsa Gunvor za su cika shekara hamsin da aure, a Torsvig kuwa duk bikin da ya amsa sunansa soyayyen ol da dankali ake ci, kowa ya jera ƙasusuwan a gefen farantinsa. Verner yana cikin 'yan tsirarun da suka rage da lasisin kama ol, kuma ya rantse ba za a sayo masa kifin kanti ba. Kowane baƙo da kifinsa guda, daga hannunsa. Tun watan Yuni yake tara su, yau biyu, gobe babu, jibi ɗaya, don ol ɗin yanzu sai an yi masa lallami.

Baƙi arba'in ne a takardar farko. Gunvor ce ta ƙara na arba'in da ɗaya a can ƙasa, da jan biro: Aksel, ƙaninta, mai gonar shanu a kan tudu, wanda rafin da ya ratsa gonarsa yake gangarowa ya zuba cikin mashigin teku. Shekara tara ke nan Verner bai ce masa ko sannu ba. A wani taron gari ne Verner ya miƙe a gaban jama'a ya ce kashin shanun Aksel ne yake kashe tekun, ya kira shi maƙetaci. Aksel ya ɗauki hularsa ya fita, tun daga ranar bai sake taka ƙofar yayarsa ba. Sai bana, da ƙyar da roƙo, ya ce mata zai zo.

"Ni dai ban kama masa kifi ba," in ji Verner a ranar da ya ga jan biron.

"Ka kama ko kada ka kama, ni dai na rubuta," in ji Gunvor.

Arba'in sun cika tun ƙarshen Yuli. Amma tsohon ya ci gaba da fita kullum da safe har kwana goma sha ɗaya, wai raga yake dubawa. Ranar da ya samu guda ɗaya ya jefa a akwati, a ranar ragar ta daina bukatar dubawa. Gunvor ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba. Shekara hamsin ta koya mata inda ake yin shiru.

Yanzu da yake zaune a kan gada, ya ɗaga kai ya dubi ruwa. Can wajen bakin rafi tekun ya yi fari kamar an zuba masa madara. A gaɓa kuma, iya ganinsa, ƙananan kifaye ne kwance a jere suna ƙyalli. Tsuntsayen teku suna shawagi a kansu, amma sun ƙi sauka.

Daga farin ruwan idonsa ya bi rafi, daga rafi ya hau tudu, ya tsaya a kan jan rufin gonar Aksel. Bai ɓata lokaci wajen tunani ba, dama Verner ba mutum ne mai wahalar da kansa da dogon tunani ba. Ya juye kifin da baƙin ruwansu a cikin babban baho, ya ja shi zuwa a-kori-kurarsa.

Hanyar tudu ta gaban gidansa ta bi. Gunvor tana tsakar gida tana shanya zannuwan tebur, ta ga bahon, ta ga fuskarsa, ta fito ta tsaya a tsakiyar titi. Dole ya taka birki.

"Lafiya? Me ke wari haka?"

"Sun mutu. Duka."

Ta leƙa bayan motar, ta dafe ƙirji. "Wayyo, Verner! Duka?"

"Ƙaninki ya saki ruwan kashin shanunsa a rafi. Je ki ga teku, fari fat."

"Ka gan shi da idonka?"

"Sai na gani? Shekara nawa ina faɗa?"

Ta kama ƙofar motar da hannu biyu. "Ka ji ni da kyau, tsoho. Kifi ba komai ba ne, ko biredi da man shanu muka ci, an yi biki. Ɗan'uwa ɗaya ya rage mini a duniya, kuma wata uku na yi ina lallashinsa. In ka hau tudun nan ka ɓata mini, ba zai sake zuwa ba har a binne ni."

"Matsa mini."

"Verner!"

Ya kauce ta gefen ciyawa ya wuce. A madubi ya hango ta tsaye, da jiƙaƙƙen zanen tebur a kafaɗa.

A gonar bai tarar da kowa ba. Ya buga ƙofa har hannunsa ya yi zafi, ya ƙwala kira, kare ne kawai ya amsa daga cikin gida. Haushi ya ƙara turnuƙe shi, don ya shirya maganganu masu kyau a hanya, ga shi babu mai ji. A inuwar rumfa ya ga wata 'yar tirela an rufe kayanta da jiƙaƙƙun buhuna. Ya ce a ransa ciyawar shanu ce, to bari shanun ma su ɗanɗana. Ya ja motar daf da ita, ya ɗaga bahon da sauran ƙarfinsa, ya kifa shi a kai. Kifin suka zame a kan buhunan, baƙin ruwan ya nutse ciki. Ya ji sanyi a ransa, sanyin da bai kai shi ko ƙasan tudu ba.

Ko da ya koma tashar jirage, rabin gari yana can, kowa ya toshe hanci. Wani farin jirgi na ofishin kula da muhalli ya ɗaure a gadar. Matar da ke cikinsa Solvej ce, 'yar marigayi Ejgil, wanda suka yi shekara ashirin suna su tare da Verner. Ta haura arba'in yanzu, aikinta auna ruwa ne.

"Yawwa, 'yar Ejgil, gara da kika zo," in ji Verner tun kafin ya ƙaraso. "Ki ɗebi ruwan rafin can, ki rubuta sunan Aksel Bundgaard."

"Daga rafin nake, Verner. Na auna shi da safe. Ya fi na famfonku tsabta."

"Ƙarya na'urarki take yi."

"To zo ka gani da idonka. A ina ka ajiye akwatinka?"

Ya nuna mata ƙarshen gada. Ta ɗauko wani ƙarfe mai doguwar waya, ta zura shi a ruwa, ta miƙa masa ɗan allon da ke nuna lamba.

"Wannan lambar iskar da kifi yake shaƙa ce a cikin ruwa. Ka riƙa karanta mini."

"Takwas," in ji shi.

Ta saki waya. "Mita ɗaya."

"Takwas."

"Mita biyu."

"Shida." Ya gyara gilashinsa.

"Uku."

"Biyu... ɗaya da rabi."

"Huɗu. Ƙasa ke nan."

Verner ya girgiza allon, ya sake dubawa.

"Karanta mana," in ji ta.

"Babu komai. Sifiri."

Ta janye wayar, ta zura wani bututun roba mai kama da gilashi, ta caka shi a ƙasa ta ɗago. Laka ce a ciki, baƙa wuluk kamar kwalta, a samanta wani farin abu ya shimfiɗu siriri. Warin ya sa mutanen da ke kusa suka ja da baya.

"Ka ga farin nan? Likkafani muke kiransa. In ka gan shi, ƙasan ta gama mutuwa."

"Wa ya zuba wannan?"

"Ba wanda ya zuba shi jiya. Wannan lakar ta girme ni." Ta ɗaga bututun a rana. "Taki yana gangarowa daga gonaki, ƙazanta daga garuruwa, gansakukar ruwa ta ci ta yi yawa, ta mutu, ta nutse. Bana a kan bara, bara a kan ta waccan. A ƙasa take ruɓewa, ruɓewar ce take shanye iskar. Da akwai guguwa da ta gauraya ruwan sama da na ƙasa, an samu sauƙi. To mako uku ke nan ana zafi, ko ganye ba ya motsi. Ruwan ƙasa ya zauna shi kaɗai da laka, ta shanye shi tas. Da ta rasa abin sha, sai ta fara fitar da gubar nan mai wari. Ita ce ta taso can ta mai da ruwa fari."

"To ai ga shi kin faɗa da bakinki. Gonaki."

"Gonaki, e. Da bayan gidan kowa a garin nan kafin a gina matatar ruwan ƙazanta. Da ku." Ta dube shi, ba da faɗa ba. "Kai da babana shekara nawa kuka yi kuna jan ragar ƙarfe a ƙasan tekun nan? Ina ƙarama ina ganin ciyawar teku da kuke zubarwa daga jirgi, tudu guda. Ita ce take riƙe ƙasan, ita take ba shi iska. Ko yau kowa ya daina zuba komai, lakar nan tana da abincin shekaru a cikinta."

Wani daga cikin jama'a ya ce, "To ni nawa me ya hana su mutuwa?" Frode ne, mai gyaran inji. Ya ɗago ɗan akwatinsa da ke lilo a saman ruwa, taku biyar daga inda na Verner yake. Kifi shida a ciki suna murɗe juna, lafiyarsu ƙalau.

Solvej ta dubi akwatin Frode, ta dubi doguwar igiyar Verner da ke naɗe a kan gada, rabinta baƙa da laka.

"Verner, ba a sama naka yake ba?"

"Na saukar da shi."

"Yaushe?"

"Ranar Talata." Muryarsa ta yi ƙasa. "Zafi ya yi yawa. In aka yi zafi, ana sa dutse a akwati a sauke shi ƙasa inda sanyi yake. Haka babana yake yi. Haka babanki yake yi."

"Haka ne," in ji ta a hankali. "A lokacinsu yashi ne a ƙasan."

Babu wanda ya yi dariya, gara ma a ce an yi. Verner ya tsaya yana kallon igiyar. Da hannunsa ya zaɓo duwatsun, masu kyau, masu nauyi. Da hannunsa ya ƙara wa igiyar tsawo, ya ɗaure sakata da kyau don kada ko ɗaya ya kuɓuce. Ƙaguwa ma ta samu ginshiƙi ta hau, su kuwa ya kulle su. Kunya da tsoro suka rufe shi lokaci guda, don sai yanzu ya tuna inda kifin suke.

"Ina ka kai su?" in ji Solvej. "Ina son guda biyu in duba."

Verner ya juya ya nufi mota.

Wannan karon ta bayan coci ya zagaya, don kada ya bi ta gaban gida. Motar Aksel tana tsakar gonar. Shi kansa yana bakin rumfa, dogo, ya ɗan ranƙwafa saboda ciwon ƙugu, da tiyo a hannu. Ya yaye buhunan ya watsar gefe. Verner ya fito daga mota, ya yi taku uku, ya tsaya cak.

Ba ciyawar shanu ba ce a tirelar. Ƙofar girmamawa ce, irin wadda dangi suke ɗaurawa a ɓoye da rassan itace masu kore da furanni, su kafa ta a ƙofar ma'aurata da sassafe ranar biki, su tashe su da waƙa. Sassa uku ne, an ɗaure su da waya tsaf, aikin kwanaki. An soka fararen furanni da jajaye a jiki, yanzu duk sun yi baƙi. A kan wani allo mai siffar zuciya an rubuta da ruwan zinariya: Gunvor da Verner, 50. Baƙin ruwa ya bi ta kan sunayen ya bushe.

Kifin kuwa an jera su a kan siminti, layi-layi.

Aksel bai juyo ba. "Na je asibiti a duba mini ƙugu, na dawo na tarar da saƙo. Ba sai an sa hannu ba, na san rubutun."

Duk maganganun da Verner ya shirya da safe sun watse, wadda ta rage guda ɗaya ce, ita ce kuma mai wuya.

"Ba kai ba ne," ya ce daga ƙarshe. "Ni ne. Ni na sauke su ƙasa."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Ranar Talata na gan ka kana cusa duwatsu a akwati. Mu manoma duk wata sai an turo mana taswirar ruwan nan, don mu san irin laifinmu. Na fi ka karanta ta, tun farkon wata gaban garin nan ja ne a taswirar, alamar iska ta ƙare a ƙasan ruwa. Na tsayar da mota a tasha, na sauke gilashi, na kira sunanka."

Verner ya tuna. Ya ji kiran sarai. Ya juya masa baya, ya ci gaba da ɗaurin igiyarsa, har yana jin daɗin yadda ya iya juya baya.

"Sau biyu na kira," in ji Aksel. "Na ce to, masunci ne, ya fi ni sanin ruwa."

Ruwan tiyo yana ta zuba a kan rassan, yana gangarowa baƙi. Verner ya cire hularsa, ya rasa dalilin cirewar, ya riƙe ta a hannu.

"Gunvor ta sani?"

"Ta kira ni sau huɗu, ban ɗauka ba. Ban san me zan ce mata ba tukuna."

"Aksel, in don ni ne, kada ka... Ita ba ruwanta. Ta tare ni a titi, na kauce mata. Ka zo gobe. In ba ka son ganina, ni sai in zauna a kicin."

"A bikinka?"

"Ai na ga alama ban iya zama cikin mutane ba."

Aksel ya kashe tiyon. Ya taka a hankali zuwa inda kifin suke, ya tsaya a kansu, hannu a ƙugu.

"Da na sauke su na ƙirga, don in san yawan abin da zan kai wa 'yan sanda," ya ce. "Na ƙirga sau biyu. Gunvor ta gaya mini baƙinku arba'in ne, ta ce kuma kowa da kifinsa guda, ba ragi ba ƙari, haka taurin kanka ya tsara." Sai a lokacin ya ɗago ya dubi Verner a ido, karo na farko cikin shekara tara. "Wannan na ƙarshen na waye?"

Verner ya dubi ƙasa. "Raga na je dubawa, ya faɗo."

"Kwana nawa kana duba ragar?"

"Sha ɗaya."

Aksel ya gyaɗa kai, ya daɗe yana kallon kifin. Sannan ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauki tiyon, ya miƙa masa.

"Riƙe nan. Ka bi rassan ɗaya bayan ɗaya, kada ka sa ƙarfi, za ka zubar da ganyen. Furanni sai an sake, zan yanko na bayan gida. Kuma ka sani, wannan ƙofar ba ka gan ta ba. Gobe da safe in mun zo da waƙa, ka fito ka yi mamaki kamar kowane ango."

Verner ya karɓa, ruwan yana fantsama a takalminsa. Ya wanke reshe ɗaya, ya kai hanci ya sansana, ya ɓata fuska.

"Warin ba zai fita ba. Za ta ji."

"Shekara hamsin tana kwana kusa da kai," in ji Aksel, ya nufi bayan gida yana ɗingishi, da almakashi a hannu. "Ba ta taɓa cewa komai ba."